Ƙulli Uku na Farin Gari

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni a post ɗin bakin ruwa, inda ake binciken masu ƙetare iyaka, saboda ƙulli uku na farin gari ba. Ku da kuka shigo atelye, ɗakin aikin nan namu, bana kuna ta tambayata me ya sa na hana a fita da garin fenti in ba cikin kwalbarsa ba, me ya sa kuma kowace jakar aike take da guntun baƙar takarda a aljihunta. Ban taɓa ba ku cikakkiyar amsa ba. Yau dai zan faɗa.

Lokacin shekarata ɗaya da wata biyu a wurin Tanti Zalika. Na gama lise, wato sakandare, na samu bak, takardar shaidar gamawa, ina jiran hanyar karatu ta buɗe, sai ta ɗauke ni saboda ta ga rubutun hannuna a jikin wata ambulan. Aikinmu kamar yadda kuka same shi ne: katin gayyatar aure, na suna, na barka da salla, duk da hannu. Ɗaya ta yanka takarda, ɗaya ta ja layi, ɗaya ta rubuta sunaye, ta ƙarshe ta sa fenti. Ni ce ta ƙarshe.

Ga waɗanda ba ƴan sana'a ba, fentin da muke kira nakire ba ya zuwa da ruwa. Gari ne mai laushi ƙwarai, mu ke kwaɓa shi da ruwan ƙaro, mu ɗauka da buroshin zane, wato pinso. Akwai irinsa da ke da wani hali mai ban mamaki. A cikin kwalba fari ne fat, ko da shuɗi ne, ko ja, ko kore. Launin ba ya fitowa sai an shafa shi a kan abu mai duhu, an karkata shi wajen haske. A lokacin ne zai tashi kamar wuyan tantabara. Ni wannan halin ne ya sa na ƙaunace shi. Nakan daɗe ina juya kati ɗaya a bakin taga har Tanti ta ce, "Rabi, katin mutane ne, ba madubinki ba ne."

Ina da wata ɗabi'a kuma da ta sha yi mini faɗa a kai. Duk lokacin da na ɗebo fenti, sai na fara goga pinso a bayan hannuna na hagu kafin in kai shi kan kati. Ta ce ƙazanta ce, ɓarna ce kuma. Na yi alkawarin dainawa ya fi a ƙirga.

A satin da abin ya faru muna da aikin katin auren ɗiyar wani mai manyan motoci, a kan takarda shuɗiya mai duhu, ga nakire ya ƙare. Tanti ce take zuwa Malanbil, can ƙetaren kogi bayan iyaka, da kanta ta karɓo shi wurin wata mata da ke kawo kayan zane daga Kwatano. Amma an yi mata rasuwa a Tanda, dole ta tafi. Ranar Asabar da safe ta kira ni ta ce, "Ki je ki karɓo shuɗi, da ja, da kore, da pinso guda shida. Na riga na yi magana da ita. Kar ki tsaya kallon ruwa."

A lokacin ta jirgi ake ƙetarawa. Na hau kabu-kabu zuwa bakin kogi, na shiga jirgi tsakanin buhunan albasa da jarkoki, na ƙetara lafiya. Na kuwa kalli ruwa, har na manta da kaina.

Matar ta karɓe ni da fara'a. Sai dai ta ce ƙananan kwalaben da ake saye da takardar suna a jiki ba su iso ba, manyan gwangwanaye ne kawai a wurinta, kuma ba za ta ba ni gwangwani sukutum ba. Ta ɗauko cokali ta auna mini a farar leda, yadda ake auna kanwa ko gishiri. Da na ga duka ukun fari ne, na ce mata, "Tanti, ai zan ruɗe." Ta yi dariya ta ce in yi wa kowace alama. Na yi wa shuɗi ƙulli ɗaya, ja ƙulli biyu, kore ƙulli uku. Har daɗi na ji da wannan dabara tawa. Don kada zufa ko ruwan jirgi ya taɓa su, na naɗe su cikin ɗankwali na cusa can ƙasan jaka. Ban tambayi faktir ba, wato takardar shaidar saye. Ban ɗauki hoton gwangwanayen ba. Ko a raina bai zo ba.

A dawowa na zauna kusa da wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, Inna Gambi, wadda ta san mahaifiyata tun suna ƴammata. Ta yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarta har muka iso gaɓarmu, rana ta take tsaka.

Duk wanda ya sauka sai ya bi ta post. Ɗaki ne guda da rumfar kwano a gaba. Tsarinsu shi ne, maza namiji ya duba su, mata kuma mace. Mai duba mu birgadiye ce, wato ƙaramar mai muƙami, doguwa mai tsagar Zabarmawa. Sama da ita akwai ajudan, shi ne shugaban post, kowa yana ce masa Shef. Na buɗe jakata ba tare da wani tunani ba. Ta ɗaga pinso ta ajiye. Ta zura hannu ƙasa, ta zaro ɗankwalin, ta warware.

Ta daɗe tana kallon ledojin. Sannan ta kalle ni, ba da fushi ba, sai dai kallon ya bambanta da na ɗazu.

"Madmazel, mene ne wannan?"

"Fenti ne, Madam."

"Fenti." Ta ɗaga leda ɗaya sama. "Wane launi?"

Na duba ƙullin na ce, "Wannan ja ne."

Wani ma'aikaci da ke gefe ya tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta riƙe hannun rigata da yatsu biyu ta ce, "Biyo ni." Sai a lokacin na gane abin da idonta ya gani. Farin gari, a leda, ba suna, an ɓoye a ƙasan jaka, a kan iyaka. A layin mutane na ji ana cewa, "Ba ɗiyar Malama Hajara ba ce?"

A cikin ɗakin akwai tebur, da benci, da taga ƙarama da aka rufe saboda zafi. Shef dattijo ne mai furfura a gefen kai, gilashinsa ɗaure da zare. Aka jera ledojin a gabansa, da wayata, da katin shaidata. Ya saurari birgadiye da Faransanci, sannan ya juyo gare ni da Hausa.

"Wa ya ba ki?"

Na faɗa.

"Ina faktir?"

"Babu, Shef."

"Ina kwalbar da aka zubo shi?"

"Tana can wurinta."

Ya taɓa ledojin da bakin bik, wato biro, ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ƙulli ɗaya. Wannan biyu. Wannan uku. Wa ya koya miki wannan alama?"

"Ni na yi, Shef. Don kada in ruɗe da launin."

"Launin," in ji shi, yana kallon fari uku iri ɗaya. Ya cire gilashi ya murza ido. "Ɗiyata, shekaruna a wannan aiki sun fi naki a duniya. Ba ke ce ta fari da aka ba saƙo ta ɗauko ba. Wasu sun sani, wasu ba su sani ba. Duka ƙulli gare su."

Sai ya bayyana mini tsarin, a hankali, kamar malami. A wannan ƙaramin post ba su da kayan gwaji. In suka kama abin da suke zargi, sai ya shigar da sunan mai shi a babban rejista, ya rubuta rahoto, a rufe kayan da hatimi. Daga nan mota ta kai mutum da kayansa Doso, a aika samfur Yamai a gwada, mutum yana tsare har sakamako ya dawo. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce ba ya son ya yi mini ƙarya, bai sani ba. Motar kuwa bayan la'asar take tashi.

Na roƙe shi ya kira Tanti Zalika. Ya kira da kansa, sau uku. Layi bai shiga ba, kun san yadda ƙauyukan Tanda suke. Na ba shi lambar matar Malanbil, ita ma a kashe. Ya ajiye wayar ya ce, "Kin gani."

Na zauna a benci. Abin da nake tunani ba gidan kaso ba ne ma. Mahaifiyata nake gani, ta gama koyar da ƴan makaranta shekara da shekaru a garin nan da sunanta wankakke, an zo an ce mata an wuce da Rabi Doso a bayan mota saboda ƙwaya. Ko da sakamako ya dawo ya wanke ni, ba za a bi gida gida ana karanta shi ba. Kowa abin da ya gani a bakin ruwa zai riƙe. Ina jin kiran azahar daga nesa, ina jin injin jirage, duniya tana ta harkarta kamar ba abin da ya faru.

Inna Gambi ba ta tafi ba. Ta sauke kwandon kifinta a bakin ƙofa ta zauna a kai. Birgadiye ta ce, "Inna, an gama da ke, ki tafi. Kifinki ya cika mana ɗaki."

"In ya dame ki, saye za ki yi ki cinye," in ji Inna. "Jirgi guda muka shigo da yarinyar ga, tare za mu hita."

"In Doso za ta fa?"

"To ku gyara mini wuri a mota. Gwiwata ba ta son baya."

Shef ya jawo rejistan. Babban littafi ne mai baƙin bango. Ya buɗe, ya ja layi da rula, ya rubuta kwanan wata da awa. Ina ganin bakin bik ɗin ya nufi gurbin suna, sai na ji muryata ta fito ba da shawarata ba.

"Shef, ka bar ni in kwaɓa in nuna maka."

Ya dakata. Ya kalli pinso shidan, ya kalli farcena da ke da ragowar tawada. Ya ce, "Kin ce sana'arki ce. To yi mu gani. Amma daga nan inda nake kallon hannunki."

Ba ƙaro, sai na roƙi kwalbar kol da ke kan teburinsa, wato gam na manna takarda. Aka ba ni murfin kwalba, aka ɗiga mini ruwa daga buta. Birgadiye ce ta kwance mai ƙulli ɗaya, ta ɗebo kaɗan da bakin rula, tana kau da hancinta. Na kwaɓa. Shef ya yago farar takarda daga kaye, littafin rubutunsa, ya tura mini.

Ni da na san halin garin nan fiye da kowa a ɗakin, tsoro ya shafe mini shi daga kai. Na karɓi farar takarda, a ɗaki mai duhu, na ja layi.

Ba abin da ya fito. Danshi kawai, kamar an ɗiga ruwa.

Na sake ja. Na ƙara gari na sake. Takardar ta jiƙe ta kumbura, fara kamar yadda aka ba ni ita. Ma'aikacin nan ya ce, "Shuɗin ya yi kyau ƙwarai, Madmazel." Ba wanda ya taya shi dariya. Wani abu ya faɗo mini a rai da ya fi duk na baya muni: to in ba fenti ba ne fa? Ban ga ta buɗe gwangwanin tun daga hatiminsa ba. Ban karanta jikinsa ba, hankalina yana kan wasu takardu masu kyau da ta rataye. In wani ne ya ajiye abinsa a wurinta, ta ɗebo mini ba ta sani ba?

Shef ya ce, a hankali, "Ya isa haka." Ya ɗauki bik.

Na juya wajen ƙofa don kada su ga fuskata, na ɗaga hannun hagu zan share hawaye. Sai Inna Gambi ta ce, "Ɗiyata, mi ne na a hannunki?"

Na duba. A bayan hannuna akwai layi uku, inda na goga pinso sau uku ban ma san na yi ba. Hasken ƙofa ya faɗo a kansu. Shuɗi ne. Shuɗi mai zurfi, yana motsi in na motsa, kamar bayan kifi sabon fitowa daga ruwa. Baƙar fatata ta yi abin da farar takarda ta kasa.

Na miƙa musu hannun. Birgadiye ta kama wuyan hannuna ta ja ni har bakin ƙofa, ta juya shi dama, ta juya hagu. Launin ya ɓace, ya dawo. Ta ce, "Shef, zo ka gani."

Ya taso ya duba ta saman gilashi, ya duba ta ciki. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Me ya sa bai fito a takarda ba?"

"Duhu yake so a ƙarƙashinsa, Shef, da haske a samansa. Mantawa na yi."

Bai gamsu nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce leda ɗaya ba ta wanke biyu. Ya nemi abu mai duhu a ɗakin bai samu ba, sai ya rufe rejistan ya juyo bayan bangonsa, ya nuna mini kusurwa ta ƙasa. Ya sa aka buɗe taga. Ya tura mini ta biyu ya ce, "Faɗi launin kafin ki taɓa."

"Ƙulli biyu, ja."

Na wanke pinso, na kwaɓa, na ja ɗan layi a kan baƙin bango. Ja ya tashi, mai ruwan jan ƙarfe.

"Wannan fa?"

"Kore."

Wannan karon sai na ga na zana ganye maimakon layi. Ya fito kore shar. Inna Gambi ta leƙo ta ce, "To, ga ƙwayar taku ta yi ganye. Ku jira ta yi ƴaƴa ku kama su duka."

Shef ya zauna. Bai yi murmushi ba, amma kafaɗunsa sun sauka. Ya murza ɗan garin tsakanin yatsunsa, ya ga yadda ya manne yana ƙyalli ya ƙi fita. Ya sake buɗe rejistan. Ya ce layin da ya riga ya buɗe ba ya barinsa fanko, ba kuma ya gogewa. Ya rubuta sunana, a gabansa ya rubuta da Faransanci cewa an duba, garin fenti ne, an mayar wa mai shi. Ya juyo littafin ya ce in karanta da idona kafin in sa hannu. Ya ɗebi kaɗan daga kowace leda ya rufe a ambulan, ya ce ranar Litinin Tanti Zalika ta zo da faktir da hoton gwangwanin.

Da yake miƙo mini katin shaidata ya ce, "Ɗiyata, kin yi karatu. Abin da ba shi da suna a jikinsa, duk wanda ya gan shi shi zai raɗa masa. Yau ni ne a nan kuma ina da lokaci. Wata rana layi zai yi tsawo."

Muna fita motar Doso tana juyowa cikin filin. Na tsaya ina kallonta har Inna Gambi ta ce in ɗauki kwandonta in daina tsayuwa kamar turmi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida da hijabi a jiki da takalmi ƙafa ɗaya, tana neman ɗayan. Ta kama hannuna, wanda fentin ya bushe a kai, ta riƙe shi da hannu biyu ta zauna a ƙasa. Inna Gambi ce ta yi bayanin, kuma washegari ta yi shi a kasuwa, ta yi a bakin ruwa, ta ƙara gishiri yadda ta ga dama. Ita ce ta wanke ni a gari, ba rejista ba. Duk da haka, har watanni akwai gidan da in na yi sallama sai hira ta yanke.

Ranar Litinin Tanti ta kai takardun. Da ta dawo na zaci kora ce. Ta zauna ta ce laifin nata ne da nawa, ita ba ta faɗa mini ba, ni ban tambaya ba. Ta yanko baƙar takarda ta sa a aljihun jakar aike da hannunta. Maganar goga pinso a bayan hannu kuwa, ba ta sake tayar da ita ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu a ɗakin nan mun saba da garin nan har mun daina ganin kamanninsa. Muna kallon fari mu ce ja, kuma gaskiyarmu ce, amma wanda ke tsaye a bakin ruwa fari yake gani, shi ma gaskiyarsa ce, aikinsa kuma yake yi. Don haka gari ba ya rabuwa da kwalbarsa, kwalba ba ta rabuwa da faktir. In mai sayarwa ta ɗauko cokali da leda, ku gode mata ku dawo hannu wofi, katin aure ya jira.

Watan jiya na sake bi ta post ɗin. An canza Shef, wani matashi ne a kujerarsa. Na ajiye kwalabe da takardunsu a tebur, ya duba ya ce in wuce. Da ya ɗaga rejista zai mayar da shi gefe, na hango kusurwar bangon. Jan layin ya goge. Ganyen yana nan.